Bangaskiya da Aiki: Gardamar da Ta Bi Littafi Mai Tsarki Daga Harshe Zuwa Harshe

Da me mai zunubi zai tsaya a gaban Allah har a karɓe shi? Da bangaskiyarsa, ko da ayyukansa, ko da su biyun, kuma wanne ne a gaba? Kiristoci sun kusa shekara 2,000 suna amsa wannan tambaya, kuma ba da harshe ɗaya suka amsa ta ba. Littafinsu ya taso daga Ibrananci ya shiga Girkanci, ya wuce Latin, ya faɗa Jamusanci da Turanci, har ya iso Hausa. A kowane zango mai fassara yakan ci karo da kalmar da ba ta da takwara a harshensa, ya zaɓi wadda ta fi kusa, na bayansa kuma su gaji zaɓin nan su gina akida a kansa.

Iskandariya, wajen 250 kafin haihuwar Almasihu

Yahudawan birnin Iskandariya na Masar sun daɗe cikin Girkawa har Ibrananci ya fara kuɓuce wa 'ya'yansu, sai aka juya musu Attaura zuwa Girkanci. Ana cewa Sarki Batlimus na Biyu ne ya aika Urushalima aka turo masa dattawa 72 suka gama aikin cikin kwana 72, masu ba da labari na baya ma suka ƙara da cewa an killace kowa a ɗakinsa amma fassararsu ta fito iri ɗaya. Wannan riwaya ce. Abin da masana suka tabbatar shi ne an fassara littattafan Musa biyar a ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, littattafan annabawa kuma suka biyo baya daga hannaye daban-daban.

A cikin wannan aiki aka shuka iri biyu. Annabi Habakuk, a sura 2 aya 4, ya ɗora rayuwar adali a kan abin da Ibrananci ke kira emuna, wato riƙon amana da tsayawa daram. Girkanci ya karɓe ta da pistis, kalmar da ke ɗaukar gaskatawa da riƙon amana duka. Sai kuma fi'ilin da Ibrananci ke amfani da shi idan alƙali ya yanke cewa wane ne mai gaskiya a shari'a. Girkanci ya ba shi dikaioo, daga saiwa ɗaya da kalmar adalci. Waɗannan kalmomi biyu su ne Manzo Bulus ya tarar a Littafin da yake karantawa.

Urushalima da Antakiya, 48 zuwa 62

Gardamar farko a kan kaciya da akushin abinci aka yi ta. Mabiyan Yesu na farko Yahudawa ne, to da waɗanda ba Yahudawa ba suka fara shigowa sai tambaya ta taso: dole ne a yi musu kaciya su kiyaye dokokin Musa? Taron Urushalima, wajen shekara ta 49, ya ce ba dole ba ne. Duk da haka a Antakiya Manzo Bitrus ya janye daga cin abinci tare da su bayan zuwan wasu mutane daga wurin Yakubu ɗan'uwan Yesu, Bulus kuwa ya tsawata masa a bainar jama'a, kamar yadda shi da kansa ya ba da labari a wasiƙarsa ga Galatiyawa. A wannan wasiƙa, da kuma wadda ya rubuta wa Romawa daga Koranti wajen 57, ya kafa hujjarsa a kan Ibrahim: littafin Farawa ya ce an lissafa wa Ibrahim bangaskiyarsa adalci tun kafin a yi masa kaciya, saboda haka ayyukan Shari'a ba su ne ƙofa ba.

Wasiƙar Yakubu ta ɗauko wannan Ibrahim ɗin da wannan ayar, ta ɗora ta a kan ranar da ya miƙa ɗansa hadaya, ta ce aikin ne ya cika bangaskiyar. Ta kawo misalin wanda ya ga ɗan'uwansa tsirara da yunwa ya sallame shi da fatan alheri, ta kira irin wannan bangaskiya matacciya. Al'adar ikkilisiya ta jingina wasiƙar ga Yakubu ɗan'uwan Yesu, wanda marubucin tarihi Yusufus ya ce an jefe shi a Urushalima a 62, ko da yake masana sun saɓa a kan wanda ya rubuta ta da lokacin rubuta ta. A ganina mutanen biyu cuta biyu suke yi wa magani. Bulus yana fama da masu tare ƙofa, Yakubu yana fama da waɗanda suka shiga suka miƙe ƙafa. Mai karatu Musulmi zai tuna da takaddamar Murji'a da Hawarijawa a kan ko aiki yana cikin imani. Tushen ba ɗaya ba ne, amma fargabar ɓangarorin biyu ta yi kama.

Rum da Arewacin Afirka, 382 zuwa 529

A 382 Fafaroma Damasus ya sa malami Jerom ya gyara fassarorin Latin da suka yi yawa suka saɓa wa juna. Jerom ya gama Linjila huɗu a 384, ya koma Baitalami ya fassara Tsohon Alkawari daga Ibrananci har wajen 405. Tarin da ya fito daga aikinsa da na wasu, wanda daga baya aka kira Vulgata, shi ne Littafin Yammacin Turai na fiye da shekara 1,000. A cikinsa dikaioo ta zama iustificare, wadda kunnen mai jin Latin ke ji a matsayin mayar da mutum adali. Hukuncin alƙali ya koma gyaran hali. Kiran da Yahaya Mai Baftisma da Yesu suka yi na sauya zuciya kuma ya fito da lafazin da, a tsawon zamani, jama'a suka riƙa fahimtarsa da ma'anar yin kaffara.

Wanda ya gina gida a kan wannan harsashi ɗan Afirka ne, Agustin, bishop ɗin Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya. Shi da kansa ya faɗi cewa bai ji daɗin koyon Girkanci ba, kuma da Latin ya yi tunaninsa. Abokin gardamarsa Pelagiyus, mai zuhudu daga Birtaniya, ya ga lalacewar masu kuɗin Rum ya ce Allah ba zai umarci abin da mutum ba zai iya ba, don haka kowa ya tashi ya yi. Bayan Alarik ya ci Rum a 410 Pelagiyus ya tsallaka Afirka, wuta ta kama. A littafin da ya rubuta a 412 Agustin ya ce nufin mutum ya raunana tun faɗuwar Adamu, alherin Allah ne ke fara aiki, ya zuba ƙauna a zuciya, ya mai da mugu adali. Amma a 413 ya sake wani littafin a kan masu cewa baftisma da bangaskiya sun isa ko mutum yana zaune cikin fasiƙanci. A wurinsa Bulus yana maganar ayyukan da suka riga bangaskiya, Yakubu yana maganar waɗanda suka biyo ta. Taron Kartaj na 418 ya la'anci koyarwar Pelagiyus, taron Oranj na 529 kuma ya tabbatar da cewa ko mafarin bangaskiya kyautar Allah ce.

Kiristocin Gabas, masu karanta Bulus da Girkancinsa, ba su taɓa yin wannan faɗa da irin wannan zafi ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna rawar da harshe ya taka.

Daga 1095 zuwa 1516

Malaman tsakiyar zamani, irin su Toma Akwinas da ya rasu a 1274, sun tsaya a kan cewa bangaskiyar da ke ceto ita ce wadda ƙauna ta ba ta siffa, kuma ba su musanta cewa alheri ne mafari ba. A ƙasa, wurin talaka, abin ya sha bamban. Taron Lateran na 1215 ya wajabta furta zunubi ga firist aƙalla sau ɗaya a shekara, firist kuma ya ɗora kaffara. Rangwamen kaffara, wanda Fafaroma Urban na Biyu ya yi wa masu fita yaƙin Salibiyya alkawarinsa a 1095, ya bunƙasa har a 1476 Fafaroma Sistus na Huɗu ya ce ana iya samo shi domin matattun da ke wurin tsarkakewa. Kuɗi suka shigo.

Sai Girkanci ya dawo. Lorenzo Valla ya gwada Vulgata da rubutun Girkanci ya nuna wuraren da suka saɓa. Erasmus ya tsinci rubutun Valla a wani gidan zuhudu kusa da Luben ya buga shi a 1505. A 1516, a birnin Basel, Erasmus ya fitar da Sabon Alkawari na Girkanci da Latin gefe da gefe, ya bayyana a sharhinsa cewa kalmar da aka daɗe ana ji da ma'anar kaffara tana nufin mutum ya dawo cikin hankalinsa ya sauya zuciya. Injin ɗab'i ya riga ya shekara 60 yana aiki, maganar ba ta tsaya a ɗakin malamai ba.

Jamus, 1517 zuwa 1547

Martin Luta ɗan zuhudu ne a ƙungiyar Agustin, malamin Littafi a jami'ar Witenbag, mutum mai tsananin tsoron hisabi. A 1545, shekara ɗaya kafin rasuwarsa, ya rubuta cewa ya daɗe yana ƙin jin maganar adalcin Allah a Romawa sura 1 aya 17, domin ya ɗauka adalcin da Allah ke hukunta mai laifi da shi ne, har ranar da ya gane cewa adalci ne da Allah ke bayarwa kyauta ga mai bangaskiya. Masana ba su daidaita a kan shekarar da hakan ya faru ba. A 1517 Yohan Tetsel yana wa'azin takardun rangwame a kusa da ƙasar Saksoni. Rabin kuɗin na ginin majami'ar Bitrus a Rum ne, rabi na biyan bashin da Akbishop Albaret na Mainz ya ci a bankin iyalan Fugger. Ranar 31 ga Oktoba Luta ya aika wa akbishop ɗin batutuwa 95, na farkonsu a kan ma'anar tuba. Wasiƙar tana nan. Cewa ya kafa su da ƙusa a ƙofar majami'a kuwa, daga bakin na kusa da shi aka ji daga baya, kuma ana ta muhawara a kai.

Bayan ya ƙi janye maganarsa a gaban Sarki Shal na Biyar a Worms a Afrilun 1521, mai mulkin Saksoni ya ɓoye shi a ganuwar Watbag. A can ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci cikin mako 11. Ana cewa ya jefi Shaiɗan da tawada a ɗakin, amma wannan zancen masu ziyara ne na baya. Littafin ya fito a Satumban 1522, kofi kusan 3,000, a Disamba kuma aka sake bugawa.

A Romawa sura 3 aya 28 Luta ya sa kalmar allein, wato kaɗai, kusa da bangaskiya. Babu ta a Girkanci, babu ta a Latin. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne wuri ɗaya tak a Sabon Alkawari da kalmomin bangaskiya da kaɗai suka haɗu a kan wannan batu shi ne Yakubu sura 2 aya 24, kuma a can musanta zancen ake yi. Luta ya san haka. A gabatarwarsa ya kwatanta wasiƙar Yakubu da ciyawa idan aka auna ta da na Bulus da Linjilar Yahaya, ya kuma tura ta ƙarshen littafi tare da Ibraniyawa da Yahuza da Wahayi. Sarki Joj, mai mulkin ɗaya ɓangaren Saksoni, ya haramta fassarar a ƙasarsa, ya sa sakatarensa Emsa ya fitar da ta Katolika a 1527, wadda yawancinta ta Luta ce aka yi wa gyara.

A 1530 Luta ya mayar da martani da buɗaɗɗiyar wasiƙa a kan fassara. Hujjarsa biyu ce. Ta farko ta harshe: Bajamushe in zai tabbatar da abu ɗaya ya kore ɗaya, da wannan kalma yake yi, kuma mai fassara uwa a gida da yara a titi da ɗan kasuwa ya kamata ya saurara. Ta biyu ta ma'ana: wanda ya cire ayyuka duka, bangaskiya kaɗai ya bari. Ya kuma ce magabata sun riga shi faɗin haka, kuma gaskiya ne, lafazin yana cikin sharhin malaman farko da dama, har da na Pelagiyus. Don haka masu cewa ƙirƙira ya yi sun zalunce shi. Amma abin da ya yi wa Yakubu ban ga hanyar kare shi ba. Mai fassara amana aka ba shi, kuma amanar ta haɗa da ayar da ba ta yi masa daɗi ba. Bugun da suka biyo bayan 1537 sun daina ɗaukar maganar ciyawar.

Abokinsa Melankton ne ya tsara akidar a takardar da aka karanta a Augsbag a 1530, ya kuma ƙara fito da ita a rubutunsa na baya: Allah yana lissafa wa mai bangaskiya adalcin Almasihu, kamar alƙali ya wanke wanda ake tuhuma, gyaran hali kuma ya biyo baya a matsayin 'ya'yan itace. Nan ainihin rabuwar take. Ga Rum kalmar ta ƙunshi gafara da sabunta mutum gaba ɗaya, ga Witenbag hukunci ne daga waje. Kowanne in ya ji ɗayan sai ya auna maganarsa da ma'anar tasa: Bakatolike ya ji an ce hali ba kome ba ne, ɗan Luta ya ji an ce sai ka gyaru Allah zai karɓe ka.

An kusa sasantawa a Regensbag a 1541, inda Kadinal Kontarini da Melankton da Busa da wasu suka amince da matani ɗaya a kan batun. Luta ya ce faci ne, Rum ma ta ƙi. Taron Tarent ya buɗe a Disambar 1545. A Afrilun 1546 ya ayyana Vulgata a matsayin matanin da za a dogara da shi wajen koyarwa da muhawara, sannan ya shafe wata bakwai a kan wannan batu kaɗai, da zafin da har wani bishop ya fizgi gemun ɗan'uwansa. Ranar 13 ga Janairun 1547 aka fitar da matsaya mai babi 16 da hukunci 33. Ta ce ba bangaskiya ba aiki da ke cancantar alherin farko, bangaskiya ce mafari da saiwa, amma dole nufin mutum ya ba da haɗin kai, adalcin da aka samu yana ƙaruwa da ayyuka, kuma ba wanda zai tabbata da cetonsa in ba an yi masa wahayi na musamman ba. Kalbin, ɗaya daga jagororin 'yan Furotesta, ya amsa a wannan shekarar cewa bangaskiya kaɗai ke yin aikin, amma ba ta taɓa zuwa ita kaɗai.

Ingila da gidan Luta, 1526 zuwa 1611

Wiliyam Tindel ya buga Sabon Alkawari na Turanci a Worms a 1526, ya sa tuba a gurbin kaffara, dattijo a gurbin firist. Toma Mo ya ce guba ce aka zuba cikin kalmomi. An kashe Tindel a 1536 kusa da Burasels. Katolikan Ingila da ke gudun hijira suka fitar da tasu a Rims a 1582 suka maido da lafazin kaffara, fassarar Sarki Jems ta 1611 kuma ta bi Tindel a kan tuba. A Jamus almajiran Luta suka kaure a junansu: Geog Majo ya ce kyawawan ayyuka wajibi ne ga ceto, Amsdof ya ce cutarwa ma suke yi masa, sai yarjejeniyar 1577 ta ƙi maganar duka biyun.

Ƙasar Hausa, 1857 zuwa 1932

Gardamar ta iso Hausa a hannun 'yan Furotesta. Bajamushe J. F. Schön, da taimakon Dorugu wanda matafiyi Barth ya tafi da shi Turai, ya fara buga sassan Linjila a 1857, cikakken Littafi Mai Tsarki kuma ya fito a 1932 daga aikin Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa. Su ma sun tarar da tsohuwar matsalar. Wasu fassarorin Hausa sun ɗauki barata, mai ƙamshin zauren alƙali, wasu suka ɗauki kuɓuta, wadda ta fi saurin shiga kunne amma ta matso kusa da ceto. Bangaskiya da aminci kuma kalmomi biyu ne a bakin Bahaushe, alhali Bulus da ɗaya ya yi amfani.

Daga 1943 zuwa 2017

A 1943 Fafaroma Piyus na 12 ya ƙarfafa malaman Katolika su yi fassara daga Ibrananci da Girkanci kai tsaye, Taron Batikan na Biyu kuma a 1965 ya yarda a yi fassara tare da sauran Kiristoci. Malaman ɓangarorin biyu suka koma kan matani ɗaya. Da yawa daga na Katolika suka amince cewa fi'ilin Bulus na shari'a ne, na Furotesta kuma suka amince cewa maganar Allah in ta wanke mutum ba ta barinsa yadda yake.

Sai ƙasa ta motsa daga wani gefen. A 1977 E. P. Sanders ya nuna daga rubuce-rubucen Yahudawa cewa addininsu a zamanin Bulus bai koyar da sayen ceto da aiki ba, kuma hoton da aka daɗe ana zanawa na Katolikan ƙarni na 16 ne aka manna wa Yahudawa. Wannan zalunci ne da ya daɗe, kuma ya kamata a faɗe shi. Jems Dunn ya ɗora da cewa ayyukan Shari'a a bakin Bulus sun fi nufin alamomin da ke raba Bayahude da wanda ba shi ba: kaciya, abinci, Asabar. Wani rubutu daga kogunan Kumran da aka buga a 1994 ya zo da wannan lafazi a Ibrananci, kowane ɓangare ya ce hujjarsa ce. A 1983 kuma Richard Hays ya farfaɗo da tambaya a kan Galatiyawa sura 2 aya 16 da Romawa sura 3 aya 22: gaskatawar mutum ga Almasihu ake nufi, ko amincin Almasihu kansa? Nahawun Girkanci ya ɗauki duka biyun, shi ya sa fassarori da dama yanzu suke sa ɗaya a matani ɗaya a ƙasan shafi.

Ranar 31 ga Oktoban 1999, a Augsbag, wakilan Batikan da na Tarayyar Lutaran ta Duniya, ciki har da babban sakatarenta Ishmael Noko ɗan Zimbabwe, suka sa hannu a kan sanarwar haɗin gwiwa. Sun amince cewa da alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin Almasihu, ba don cancantar mutum ba, Allah ke karɓar mutum ya ba shi Ruhun da ke kiransa ga kyawawan ayyuka, kuma la'anar ƙarni na 16 ba ta hau koyarwar kowane ɓangare yadda aka bayyana ta a takardar ba. Methodist sun shiga a 2006, majami'un Reformed a 2017, shekarar da tarayyar Lutaran ta zaɓi Akbishop Musa Panti Filibus na Numan shugabanta. Malaman tauhidi fiye da 150 a Jamus sun soki takardar tun kafin a sa hannu, Lutaran na Missouri a Amurka sun ƙi ta, majami'un bishara da na Fentikos masu yawa ba sa cikinta. Batun lada, da rangwamen kaffara, da ko wanda aka wanke yana nan mai zunubi a lokaci guda, takardar ba ta rufe su ba. Fassarar Luta da aka sabunta a 2017 ta bar allein a Romawa sura 3 aya 28, fassarar Katolikan Jamus kuma ba ta sa ta ba.